Ranar Da Na Nome Digirin Rahila

Har gobe ba zan ce na yi laifi ba. Littattafan soyayya sun koya mini cewa masoyin gaske ba ya barin ƙaya ta taɓa masoyiyarsa, ni kuwa na ga wata ciyawa mai ƙaya da fure ruwan ɗorawa ta cika bayan gidansu Rahila a Barnawa. Tana makaranta na ari fartanya, na nome wurin tas, na tsaya jiran yabo.

Da ta dawo, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Wata shida ina rainon su," ta ce a hankali. "Dangin popi ne, furen nan da ake yin magani da shi. Ina binciken enzayim ɗin da ke haɗa sinadarin magani a ruwan jikinsu. Digirina na biyu ka nome."

Na ce, "Amma dai ba su soke ki ba."

Mako uku ba ta ɗaga wayata ba. Ta sake shuka, ta kammala, ta kuma aure ni, don haka a ganina dabarar ta ci. Sai dai duk ranar da na je gidansu, kakarta tun daga ƙofa take cewa, "A ɓoye tukwanen fure, Sarkin Noma ya iso."