Rasuwar 'Yar Baƙa, Tafiretar "Gefen Takarda"

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ya cakuɗe da wani ɗaci da ba a cika ambatonsa a zaman makoki ba, Akawu da iyalansa suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da tsofaffin masu karatu rasuwar tafiretarsu, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, da takarda a bakinta. Shekarunta ba su sanu ba, don da tsufanta ta zo, amma arba'in daga ciki ta yi su ne tana hidimar mujallar "Gefen Takarda".

Marigayiyar ta shigo hannun Akawu ne ranar da aka rufe ofishin da yake aiki, shugabansa ya ce ya ɗauke ta tunda ba mai jin maganarta sai shi. A ka ya ɗauko ta har ɗakin bayan shagon Tela, inda shi da abokinsa na ƙuruciya, wanda duniya ta sani yau da suna Edita, suka yi shawarar fitar da 'yar mujalla ta waƙoƙi da gajerun labarai. Edita ya kawo suna da baki. Akawu ya kawo tafireta da yatsu. Ana roƙon jama'a su riƙe wannan rabon aiki a ransu, domin littattafan tarihi sun riƙe rabinsa ne kawai.

Ta kasance mai haƙuri da juriya, ba ta raina rubutun kowa. Ta buga waƙar malamin makaranta, ta buga ta direba, ta buga labarin wata ungozoma da aka aiko a bayan katin asibiti. Muryarta ba ta wuce uku: ƙwas-ƙwas-ƙwas idan tana tafiya, tin idan ta kai ƙarshen layi, garrr idan aka mayar da ita farko. Tela yakan ce da wannan sautin yake daidaita ƙafarsa a kan keke. Aibinta ɗaya, an haife ta babu haruffa masu ƙugiya. Uwargidan Akawu ce take zama da allura tana yi wa kowane ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa a jikin takardar gurzawa, ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya nemi tabarau. Ita ma ba a taɓa kiranta a rediyo ba.

Kwafi ɗari biyu na mujallar ake gurzawa, amma kowane kwafi sai ya ratsa hannu ashirin kafin ya yage. Ana karanta ta a shagon aski da ɗakin malamai da benci na jiran likita. Malamai suna kwafe waƙoƙinta a allo. Matasan da suka fara ganin sunansu a cikinta sun zama marubuta, wasu sun kafa nasu mujallun, masu takarda mai sheƙi, suka daina amsa gaisuwa da wuri.

Akwai wani saurayin malami da ya aiko da waƙa a fitowa ta bakwai, da layin da ya ce, "Na bar gida ina ta kuka." Akawu ya dubi layin, ya dubi 'Yar Baƙa, ta buga, "Na bar gida, gida bai bar ni ba." Yau wannan layin yana jikin manyan motoci, ana rera shi, ɗalibai suna rubuta jarrabawa a kansa. Saurayin ya zama Farfesa. Sau huɗu Akawu yana jin sa a rediyo yana bayanin yadda layin ya sauko masa a bakin kogi, yana kallon faɗuwar rana. A na huɗun har da tsuntsaye. Marigayiyar ta san gaskiya, ta tafi da ita, kuma wannan yana cikin abin da ya sa rashinta ya yi wa Akawu nauyi: ita kaɗai ce shaidarsa.

Ciwon ajalinta ya fara ne da harafin a, wanda yakan tashi ya ƙi komawa sai an tura shi da yatsa. Daga baya ribin, wato ƙyallen tawadarta, ya ɓace a kasuwa, Akawu ya koma shafa wa tsohon ribin ɗin tawada da auduga. An kai ta wurin mai gyaran agogo, ya ce ba fanninsa ba ne. Mai gyaran keken ɗinki ya ɗiga mata mai, ta ɗan farfaɗo, har ta buga wasiƙu biyu.

Sai ga wata ɗaliba daga jami'a ta zo rubuta tarihin mujallar, tare da Edita da mai ɗaukar hoto. Edita ya zauna a kujerar Akawu, ya ɗora yatsu a kan marigayiyar kamar mai shirin bugawa, ya ce, "A nan na haifi fitowa ɗari da goma sha biyu." Ɗalibar ta rubuta. Mai hoto ya juyo wurin Akawu cikin ladabi ya ce, "Baba, ɗan matsa kaɗan, inuwarka tana shiga." Akawu ya matsa. Ya matsa har waje, ya tsaya kusa da Tela, wanda ya ci gaba da ɗinki bai ɗago ba.

Washegari ya saka takarda zai rubuta wa jami'ar yadda abin ya kasance. Ya buga kwanan wata, ya buga gaisuwa. Ya buga "Ni ne na", sai wani abu ya ce ƙas a cikinta, kan ya zame gefe guda, haruffa biyar suka tashi tare suka rungume juna. Ko tin ɗin ban kwana ba ta yi ba.

Ta rasu ta bar fitowa ɗari da goma sha biyu, uku daga ciki ɓera ya taɓa su. Da abokin zamanta injin gurza takarda, wanda ya rigaya ya kwanta jinya a ƙarƙashin tebur. Da marubuta sama da ɗari uku, waɗanda bakwai ne suka aiko da ta'aziyya, shida daga cikinsu ma Edita suka aika wa. Ta bar jika ta nesa, kwamfutar 'yar autar Akawu, wadda take da kowace ƙugiya amma ba ta san kowa ba.

Edita ya zo gaisuwa da yamma, yana dogara sanda. Ya daɗe yana shafa murfin, sannan ya ce, "Jami'a tana son ta. Za su saka ta a gilashi, da rubutu a ƙasa."

"Rubutun me?" in ji Akawu.

"Tafiretar Edita, haka suka tsara."

Haruffan jikin maɓallan sun goge tun tuni. Akawu ya janye murfin ya ce, "To, mai tafireta, nuna mini inda y take."

Edita ya duba, ya sake dubawa, ya yi 'yar dariya. "Ka san ban sani ba. Na kuma san kana gyara mini rubutu tun fitowa ta uku. Na yi shiru ne don naka ya fi kyau."

"Shekara arba'in kana shiga rediyo, ba ka faɗa ba."

"Ba su tambaye ni ba."

"Ni ma ba su tambaye ni ba," in ji Akawu, ya mayar da murfin.

Uwargida ta kawo musu ruwa, suka sha, suka yi hirar ciwon gwiwa. Da Edita zai tafi ya ce zai yi magana a kan rubutun gilashin. Akawu bai sa rai ba, amma ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da mota. Da ya dawo ya zauna yana kallon marigayiyar, ya ga ashe har ita ta riga shi samun gilashi da fitila da mai goge mata ƙura, ya yi mata murna iyakar yadda zai iya.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, daga ɗakin bayan shagon Tela zuwa ɗakin karatu na jami'a, da takardar ƙarshe a bakinta yadda ta bar ta. Iyalai ba su yarda a cire ba. Ana roƙon Farfesa, idan zai yi jawabi, ya bar kogin a gida. Edita zai yi magana ta minti biyar, Tela zai riƙe agogo. Masu ɗaukar hoto kuma su lura: dattijon da za su gani ya rungumo ta daga mota har cikin zaure ba ɗan dako ba ne, kuma wannan karon ba zai matsa ba.