Silikin Ƙofar Wambai

Ba zan taɓa mantawa da liyafar auren abokina Sale ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Haɗeja ba za su bar ni ba. Shekaru sun ja, gashina ya yi fari, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wanda na fi jin haushi kuwa wani ɗan gwanjo ne a Kano da ko sunansa ban sani ba.

Lokacin ina ƙaramin malamin firamare a Malam Madori, shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya fara jin kansa. Ina neman wata malama 'yar Haɗeja mai suna Hajara, mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ita ce babbar ƙawar amarya. Ni kuma aka ba ni shugabancin liyafar shan shayi da 'yan boko suka shirya a wani aji na wata makaranta a Haɗeja ranar Asabar da la'asar. Na ji labarin mahaifin Hajara zai zo, kuma bai taɓa ganina ba. Sai na ƙudura a raina cewa ranar zai san ba ƙaramin mutum ke neman 'yarsa ba.

Ina da babbar riga (har biyu ma), amma ina, na raina su. Na hau jirgin ƙasa na tafi Kano takanas don sayen kayan Turawa. A Ƙofar Wambai na tarar an kwance sabuwar dila, mutane sun yi caa a kai, ana ta wawar kwat da wanduna masu faɗin ƙafa. Ni ba na son abin da kowa zai sa. Ɗan gwanjon nan ya kalli takalmina da biron da ke aljihuna, ya ja ni gefe, ya ce akwai abin da ya ɓoye wa masu ilimi.

Ya zaro riga da wando na siliki, launin makuba da siraran ratsin fari, sai sheƙi suke. Sannan ya zaro wata doguwar riga ta sama, mai kauri, da ɗamarar igiya mai tuntu biyu. Ya rantse mini cewa irinsu ne alƙalan Ingila ke sawa in za su liyafa, ta saman kuma ita ce alkyabbarsu. Na tambaye shi me ya sa wandon yake da zariya maimakon wurin bel. Ko ƙiftawa bai yi ba ya ce manyan can ba sa ɗaura bel saboda tumbi. Wallahi na yarda. Ni da nake koya wa yara labarin ƙasa, na tsaya ina gyaɗa kai, har ina gode masa.

Ranar Asabar na goge kayan da dutsen gugar gawayi, na feshe su da turare don kashe warin dila, na ɗora takalmi sau-ciki. Damina ce, kogi ya cika ya tumbatsa, hanyar makarantar duk taɓo. Haka na tattare alkyabbata ina tsallake kududdufai kamar zalɓe. Abokaina suka tare ni da tafi, wani har ya shafa hannun rigar yana tambayar ko za a samo masa. (Su ma ina jin haushinsu. Mutum shida, duk da takardar shaida, a rasa mai ido ko ɗaya.)

A bakin ajin na haɗu da Hajara. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta daɗe tana duba, sannan ta tambaye ni inda na samo kayan. Nan ne shaiɗan ya hau harshena. Na ce daga Landan aka aiko mini, wani abokina da ke karatu a can ya kai awona wurin tela.

"To, madalla," ta ce, ta wuce ciki.

Abin da ban lissafa ba shi ne sana'ar mahaifinta. Malam Garba, wanda kowa ke kira Baba Kuku, ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a gidajen Turawa, girki da wanki da guga. Shi aka roƙa ya haɗa shayin liyafar. Kunnensa ya yi nauyi, saboda haka in zai yi magana sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin kogi.

Na miƙe na gyara tuntuna, na fara jawabi da Turanci. Ban kai jimla uku ba sai ga dattijon ya shigo da butar shayi. Ya tsaya cak. Ya ajiye butar, ya jawo kujera ya kawo har gabana, fuskarsa cike da tausayi.

"Sannu yaro, zauna. Tun yaushe jikin?"

Na rusuna na ce lafiyata ƙalau, Baba. Bai ji ba. Ya juya ya fara yi wa ango faɗa, wai wane irin rashin imani ne a taso mara lafiya daga gado don shan shayi. Sale ya matsa kusa da kunnensa ya ce ai kwalliya ce Malam ya yi, kayan Landan ne.

Dattijon ya kama gefen rigata ya murza tsakanin yatsunsa.

"Mai kyau ce kuwa. Irin ta Di'o, Baturen mulkin da na yi wa aiki. Wannan ta cikin da ita yake kwana, ta saman kuma in zai shiga bayi da safe. Ni nake goge masa su."

Wata daga cikin ƙawayen amarya ta kasa riƙe dariya, sai wuri ya ɓarke. Abokan nan nawa masu tafi su suka fi kowa dariya, har da mai neman a samo masa. Ni kuwa ina tsaye, gumi na bin bayana, silikin ya manne mini. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsohon ba wulaƙanci ya nufa ba. Har shayi ya zuba mini, ya ƙara sukari, ya ce in sha da zafinsa.

Kwana huɗu ban fita ba sai makaranta. Ran na biyar na sa babbar riga na tafi gidan su Hajara, na shirya jawabina tsaf a kan ha'incin 'yan gwanjo. Ta saurare ni a zaure har na gama. Sannan ta ce ita tun a bakin aji ta gane kayan, don ta sha shanya irinsu tana yarinya. Na harzuƙa, na ce to me ya hana ta faɗa mini kafin in shiga?

"Da ka ce gwanjo ne, Malam, da na ce ka koma ka sake. Amma ka ce tela ya auna ka a Landan. Wanda aka auna ai ya san abin da ya sa aka ɗinka masa."

Ta ce kayan barci ba su dame ta ba, kowa yana kuskure. Amma mutumin da zai dubi idonta ya yi mata ƙarya a kan wando, ba ta san abin da zai faɗa mata a kan babban abu ba. Ta yi mini sallama cikin ladabi ta shige gida. Kafin damina ta zagayo ta auri wani malamin dabbobi daga Birniwa, mutumin da ban taɓa gani da komai ba sai farin kaftani.

Har yau ina sayen gwanjo, ban daina ba, don kaya ne masu ƙarko. Sai dai kafin in biya nakan tambayi mai kayan ina Baturen yake zuwa da su. In kuma wani ya ce Malam rigar nan ta yi kyau, tun bai rufe baki ba nake cewa gwanjo ce.