Farar Tuta a Madatsar Dorina

A wani daji mai kwazazzabai, kowace dabba mai hali takan tara jar ƙasa ta datse rafi, ta mallaki ruwan kanta. Majalisar dajin ta kafa doka: madatsar da in ta ɓalle za a rasa rai, a kafa mata jar tuta, a riƙa duba ta duk damina. Wadda babu kowa a ƙarƙashinta, farar tuta, ba ruwan kowa da ita.

Madatsar Dorina farar tuta gare ta. Zalɓe mai duba madatsu ne ya ba ta, bayan ya kewaya ta sama ya ƙirga rufin gidaje bai ga ko ɗaya ba. To ina zai gani? Masu ramuka ne a kwarin da ke ƙarƙashin madatsar, cikinsu har da wata gafiya, Tabawa, da jariranta shida da ko ido ba su buɗe ba.

Wata safiya Tabawa ta ga ruwa yana tsattsafowa daga gindin madatsar, ja wur da laka. Ta san ruwan da ya fito da ƙasa cikin madatsa yake ci. Ta ruga majalisa, ta durƙusa gaban shugaba Ɓauna.

"Ranka ya daɗe, madatsar Dorina na zubar da laka. Gida arba'in muke a ƙarƙashinta. A rage ruwan, ko a ba mu kwana uku mu kwashe 'ya'yanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

Zalɓe, wanda kullum a tafkin Dorina yake kalaci, ya gyara tsayuwa. "Baiwar Allah, mu ba tsagewa muke aunawa ba, gidaje muke ƙirgawa. Na tashi sau biyu, ban ga rufi ba. Inda babu rufi babu gida, inda babu gida wa zai mutu?"

"Ga ni a gabanka, Malam."

"A gabana kike, ba a kwari ba."

Aka yi dariya. Dorina ta ce ruwanta ne, ƙasarta ce, ko ɗigo ba za ta zubar ba saboda mafarkin gafiya. Ɓauna ya ɗage zama sai bayan damina.

Tabawa ta koma tana kuka, ta shiga jigilar 'ya'yanta da baki zuwa tudu, ɗaya bayan ɗaya, ga tafiyar da nisa. Ta kai na biyu ke nan, da la'asar sakaliya, sai ta ji rugugi. Wayyo! Kafin ta juyo, kwarin ya zama kogi. Huɗu suna cikin rami.

Majalisa ta zauna washegari, ba ta jira ƙarshen damina ba, don Dorina ta yi hasarar tafki. Zalɓe ya karanta sakamakon bincike: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wa ya tsaga? Masu haƙa ramuka ne. Gida arba'in cur suka tare a gindin madatsar baiwar Allah."

Aka ce a kamo wadda ta tsira ta amsa laifin sauran. Tabawa na can bayan tudu, cikin ciyawa, ta lulluɓe biyun da suka rage da jikinta.

Daga sama Zalɓe ya hango ta, tashi ɗaya.