Farfesa da Ɗalibinsa na Cikin Waya

Ba kowane kamfani Allah ke yi wa gata irin wanda ya yi wa kamfanin sabulun nan ba. Wasu sai sun hau jirgi kafin su ga masani da idonsu. Su kuwa nasu masanin yana nan a hawa na biyu, sashen sayen kaya, teburin da ke jikin taga, kullum cikin shirin ilmantarwa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Farfesa ake ce masa, shi ma idan ya ɗaga waya haka yake gabatar da kansa. A bayan idonsa kuwa Rediyo ake kiransa, saboda tsabar ƙauna.

Kallo ɗaya za ka yi masa ka san ilimi ya samu mazauni. Tabaraunsa ba na magani ba ne, likita ya ce idonsa lafiya lau, amma ai bai kamata a bar fuskar masani tsirara ba. Wayoyinsa biyu. Ɗaya ta mutu tun bara, sai dai ba a yi mata jana'iza ba, kullum tana kan tebur tana ƙara wa 'yar'uwarta kwarjini. A hannunsa akwai agogo mai ƙirga takun mutum. Idan lokacin tashi ya matso bai yi tafiyar kirki ba, sai ya zauna yana ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, har agogon ya taya shi murnar motsa jiki.

Jami'ar da ya halarta kuwa a aljihunsa take. Gajerun bidiyoyi ne, yana kallonsu a cikin bas, yana sauka ya zama gwani. Kowace lacca da kalmomi uku yake buɗe ta: masana sun gano. Su waye masanan, a ina suka gano, wannan tambayar marasa tarbiyya ce.

“Masana sun gano,” in ji shi wata rana, ma'aikata na fifita da takardu, “wannan zafin da kuke kuka da shi, taurarin ɗan Adam ne suka yi yawa a sama suka tare iska. Amma ku ina za ku sani? Ku dai ku ci ku kwanta.”

Ba a nan ya tsaya ba. Jaruman fim da ake gani suna tashi sama, a cewarsa, ba dabarar kyamara ba ce, gwajin makamai ne ake yi a ɓoye. Mawaƙan zamani duk kurame ne, inji ke yi musu waƙar, shi da zai samu injin da tuni an manta da su. Idan ƙungiyar ƙwallon da yake so ta sha kashi, to an saka maganaɗisu a raga. Idan ta ci, kimiyya ce, kuma tun jiya ya lissafa.

A gida ma alherinsa bai yanke ba. Ya hana a nuna wa yara rimot ɗin talabijin, wai haskensa na daskarar da ƙwaƙwalwa. Da firij ya fara ƙara, ya kwance bayansa da kansa, ya yi wa iyalinsa bayani mai gamsarwa a kan yadda sanyi ke tafiya. Ƙarar ta daina, gaskiyar magana. Sanyin ma ya daina. Yanzu matarsa a ciki take jera tukwane, kuma takan ce ba ta taɓa mallakar kabad mai fitila ba sai a dalilin ilimin baban yara.

Ana nan sai labari ya zagaya cewa kamfani zai buɗe sashen fasaha, kuma Manaja, wanda ke shirin ritaya, shi zai zaɓi shugaban sashen kafin ya tafi. Farfesa bai ga abin zaɓe a ciki ba. Kujera ce da aka sassaƙa daidai ƙugunsa. Ya gaya wa matarsa ta fara sabawa da zama matar shugaba. Ya gaya wa surukinsa. Ya je ya leƙa ofishin da ake fenti, ya nuna wa mai fentin inda za a rataya hotonsa.

A daidai wannan lokaci ne ya gano manhajar nan da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Wani zai ce ya samu malami. Farfesa cewa ya yi ya samu ɗalibi.

“Yaron yana da ƙoƙari,” yake gaya wa abokan aiki, yana shafa wayar. “Ina tambayarsa ne don in gwada shi. Yawancin abin da yake faɗa na riga shi sani.”

Da aka zo shirya walimar bankwana, sakatariyar Manaja ta tambaya ko akwai mai son yin jawabi a madadin ma'aikata. Ba ta rufe baki ba Farfesa ya karɓi nauyin, cikin tawali'u, yana mai cewa ba ya son a wahalar da ƙananan ƙwaƙwale. Ranar walimar, yana hawa bene, ya buɗe wa ɗalibinsa cikinsa, ya gaya masa irin jawabin da yake so da dalilin da ya sa yake son sa. Kafin ya kai ƙofar zauren taro amsa ta fito, doguwa, gwanin sha'awa. Sakatariya ta ce ko zai ɗan duba kafin a kira shi. Ya dube ta ta saman tabarau.

“'Yar'uwa, bita ta masu shakka ce.”

Zaure ya cika. Manaja na zaune a gaba da matarsa, ga manyan kamfani a jere, ga lemo a kan tebura. Aka kira Farfesa. Ya taka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya buga makirfo da yatsa, ya ɗaga waya, ya saki muryar nan tasa.

“Tabbas! Ga jawabin bankwana mai ratsa zuciya kamar yadda ka nema.”

Wasu suka tafa, a zatonsu sabon salo ne.

“Ya mai girma, saka sunan shugaban a nan. Yau rana ce ta hawaye. Ka yi wa wannan kamfani hidima har tsawon, saka adadin shekaru a nan.”

Wani a baya ya ƙware da lemo. Sakatariya ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Amma Farfesa yana da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba: bai taɓa sauraron mai magana ba, ko da kuwa shi ne mai maganar. Kunnensa zaƙin muryarsa kawai yake ji. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya karya murya.

“Ba zan taɓa mantawa da ranar da, a nan ka kawo wani alheri da ya taɓa yi maka. Idan babu, ka ƙirƙiro wanda ba za a iya musantawa ba.”

Dariya ta ɓalle. Farfesa ya ɗaga hannu yana murmushi, irin na gwanin da ya saba da tafi, ya jira ta lafa. A ransa yana cewa yau kam ya kama zaure a hannu. Mai kula da makirfo ya yi ta yi masa alama da ido, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har ya gyaɗa masa kai. Ya gangara sakin layi na ƙarshe, ya ƙara ƙarfin murya don na baya su amfana.

“Ƙarin bayani: na cika yabon sosai kamar yadda ka buƙata, duk da ka ce mutumin ko kunna kwamfuta bai iya ba, kuma tafiyarsa hutu ce ga kowa. Ina fata wannan zai sa ya ba ka kujerar. Kana so in ƙara masa zaƙi?”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Shirun ne ya yi abin da shekaru suka kasa, ya sa Farfesa ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya dubi waya. Ya dubi Manaja. Ya sake duban waya, ya jijjiga ta, kamar maganar za ta koma ciki. Gumi ya wanke masa tabarau.

Manaja ya miƙe ba gaggawa, ya karɓi makirfo, ya dafa kafaɗarsa.

“Farfesa, na gode. Ka gaida mini ɗalibin naka. Tun da aka fara taron nan ake yabona, shi kaɗai ne bai ɓoye mini komai ba.”

“Ranka ya daɗe, kutse ne!” in ji Farfesa. “Wallahi 'yan kutse ne daga ƙasar waje! Masana sun gano…”

Nan aka kashe makirfo.

Kujerar dai wata mata aka ba, daga sashen lissafi. Farfesa ya karɓi labarin da dattako. Ya bayyana wa masu hawa bas tare da shi cewa dama manyan masu bincike ba sa son ofis, yana taƙaita tunani. A gida ya tsare ɗalibinsa da faɗa, ya rubuta masa cewa ya ci amanarsa. Manhajar ta amsa cewa ta yi nadama ƙwarai, laifinta ne. Ya ɗauki wayar har kicin.

“Kin gani? Ya ba ni haƙuri. A duk garin nan wa kika ji na'ura ta taɓa durƙusa wa?”

“Babu kam, baban yara,” ta ce, tana ciro tukunya daga firij.

Washegari ya koma bakin laccarsa kamar ba abin da ya faru, har da sabon darasi a kan haɗarin dogaro da fasaha, abin da ya ce ya daɗe yana gargaɗin mutane a kai.

Bayan wani lokaci direban kamfani mafi daɗewa ya zo yin ritaya, aka sa ranar tasa walimar. Farfesa na zaune sai ga sakatariya ta nufo teburinsa. Ya san za a rina. Ya gyara tabarau, ya jera wayoyinsa biyu, ya yi gyaran murya.

“Jawabi ko? To, ba na riƙe mutane a zuciya. Zan duba ko ina da lokaci.”

“A'a, Farfesa, kar ka wahalar da kanka,” ta ce cikin ladabi. “Cewa aka yi ko za ka ara mana ɗalibin. Kai ba sai ka zo ba.”