Ranar da Na Lashi Siminti a Kogon Jemagu

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na bi Baba Alhaji cikin kogo ba. Ko na so in manta ma, matata ba za ta bari ba.

Lokacin ina neman aurenta ne. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Gusau, ita kuma ɗiyar manomi ce a Nahuce. Mahaifinta, Baba Alhaji, wata uku yana ja mini rai. Abin da ya dawo kunnena shi ne wai ɗan boko baki gare shi kawai, ko gero da maiwa ba ya bambancewa (wannan sharri ne, in an nuna mini ina ganewa). Don haka da na je gaisuwa wata Asabar na tarar zai tafi ɗibar kashin jemage don takin albasarsa, sai na ce zan riƙe masa buhu. Kafin mu fita aka kawo fura mai sanyi, ya turo mini ƙwaryar. Na sunkuyar da kai na ce alhamdu lillahi. Wa ya taɓa ganin mai neman aure yana kurɓar fura a gaban suruki? Ga ƙishi kamar in mutu.

Kogon yana cikin wani dutse bayan gonaki, sai an duƙa ake shiga. Wari ne ya fara yi mana sannu da zuwa. Na haska tocila sama, ga jemagu sun cika rufin suna reto suna tsuwa, a ƙasa kyankyasai na ta yawo cikin kashin, har da wani gizo-gizo mai ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Baba Alhaji yana ta kwasa da shebur abinsa, ni kuwa farar shaddata ta gama yawo. (Shadda fa, jama'a. Zuwa kogo.)

A bakin fita ne tsautsayi ya kai idona kan wani farin abu da ya zubo a jikin dutsen ya daskare. Daɗi ya kama ni, na ce yau zai san boko ba wasa ba ne. Na ajiye buhu na shiga bayani: wannan shi ne farin dutsen da ake siminti da shi a Sakkwato, ruwa ne ke cin sa shekara da shekaru har ya zama kogo, arziki ne kwance a bayan gonarsa bai sani ba. Ni da bakina nake koya wa ɗalibai cewa duwatsun yankinmu ba irin wannan ba ne, amma ina, baki ya riga ya kama gudu. Sai na ƙara da cewa masana da harshe suke gane dutse. Na ɓantaro na lasa. Na ma sake lasa, wai ina tantancewa.

Ya bari sai da na gama, sannan ya nuna mini wasu dabbobi masu kama da zomo marar kunne, zaune a kan dutsen suna kallona.

"Malam, wanga hitsarin agwada na. Nan su ka yin shi tun ina yaro."

Fitsari. Na rasa inda zan tofar, don tofar da yawu a gaban suruki ma rashin kunya ne. Haɗiyewa na yi.

Ya saɓa buhunsa ya ce, "Na ba ka hura ka ƙiya, ashe wanga ka ka so."

Na dawo Gusau na cire rai da auren. Bayan mako guda sai ga saƙo, a turo magabata. Wai ya ce mutumin da ya haɗiye wannan abu don kunyarsa ba zai wulaƙanta masa ɗiya ba. Digirina ko ambatonsa bai yi ba, kuma wallahi abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau, shi da sunan Malam Siminti da danginta suka liƙa mini.

Yanzu in na je Nahuce aka miƙo fura, shanyewa nake yi tas. Na lura muddin bakina yana cikin ƙwarya, ba na yi wa kowa bayani.