Rasuwar Lofena, Saura Kwana Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Gregory Kambai, mai juya layin jirgin ƙasa a tashar Kafanchan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar lofena na katako. Ya riga mu gidan gaskiya ran Talata, sha shida ga Maris 1976, yana da kwana casa'in da ɗaya a bakina.

Marigayin ya shigo gidana ne a makon da matata Selina ta kwashi 'yarmu Irene ta koma wurin iyayenta a Kagoro. Likita ya ce hayaƙin sigarina ne yake shaƙe ƙirjin yarinyar. Selina ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in na cika kwana ɗari ban sha ba, za su dawo. In na karya, kada ma in wahalar da kekena. Kowace Asabar ina hawa Kagoro, ta shinshina yatsuna da wuyan rigata a bakin ƙofa kafin ta bar ni in ɗauki 'yata.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi. Lofe ne, amma bai taɓa ɗanɗana taba ba, bai taɓa ganin wuta ba. Busasshiyar cittar Kwoi nake dakawa in cusa masa, in yi ta zuƙa har idona ya kawo ruwa. Abokan aiki sun yi mini dariya, suka ce ga mai shan miya ta bututu. Shi bai taɓa tanka musu ba. Maganarsa ɗaya ce, “fiit, fiit,” kuma ita ta riƙe ni duk lokacin da kaina ya ɗauki zafi bayan cin tuwo.

Ciwonsa ya fara da 'yar tsaga a wuya, kuma haƙorana ne sanadi, na amsa laifina. An ɗaure shi da zare, an gwada ƙaro, ya ɗan farfaɗo. Ran Talata da rana, muna jiran jirgin kaya daga Jos, abokin aikina Simon ya kunna sigari a gefena, iska ta kawo mini. Na cije. Marigayin ya ce “ƙas,” shi ke nan.

Ya bar ni, maraya mai shekara arba'in da huɗu. Ya bar rabin gwangwanin citta, da wata tsohuwar tokar sigari a kan taga wadda ba su taɓa shiri ba. Masassaƙinsa ya yi tafiya. Na gwada bututun biro da karan dawa, duk ba su san aikin ba. Tun jiya nake tauna hulata. Ina jin tsoro, jama'a, ba wasa nake ba.

Za a binne shi gobe Alhamis da ƙarfe huɗu, ƙarƙashin mangwaro a bayan gidajen reluwe. Kada kowa ya zo da ashana. Ina roƙon Simon ya yi ta'aziyyarsa daga nesa. Bayan addu'a, ina roƙon maza biyu masu ƙarfi su riƙe ni hagu da dama su kai ni gida, domin hanyar ta bi ta gaban teburin mai sigari, kuma Irene ta riga ta haɗa kayanta na dawowa.