Jarrabawar Kwamfutoci Biyu a Zaurena

Ba zan taɓa mantawa da yadda 'yan majalisarmu suka yi mini caa ba, suka ce abin da na ƙudurta ba mai yiwuwa ba ne. Wai ba a yi wa na'ura jarrabawa. Wai mutumin da ya koyi lissafi da tsakuwa ba shi da hurumin yanke hukunci tsakanin kwamfuta da kwamfuta. Ni kuwa da na ƙare aikina a kan tsaron jarrabawa da duba takardun ɗalibai, ban ga abin da zai gagare ni aunawa ba, matuƙar yana karɓar tambaya yana mayar da amsa.

Ga asalin maganar. Mu tsofaffin ma'aikata muna da 'yar ƙungiya, kuma tun da muka yi ritaya a zaurena na Ƙofar Marusa ake zama, domin a nan kwamfutar da ake buga takardun ƙungiya take. Tawa ce, tsohuwa irin ta kan tebur, mai ƙaton akwati. Kwatsam sai Alhaji Lawal, abokina tun muna aji ɗaya, ya samu tasa, ita ma tsohuwa, wadda ɗansa ya daina aiki da ita. Ya shiga cewa a mayar da zama gidansa a Ƙofar Guga, wai tasa ba ta sa mutum gyangyaɗi kafin ta buɗe. Kowa ya san inda kwamfuta take nan majalisa za ta bi. Zauren da majalisa ta bari kuwa, ko mai tallan goro ba ya leƙa shi.

Na je na duba da idona. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, wato ɗan ƙarfen nan da bai fi akwatin ashana faɗi ba, wanda shi ke yin lissafin duka, kuma kowace ƙwaƙwalwa da lambar da ke nuna saurinta. Tawa ta haura uku. Ta Alhaji ko biyu ba ta cika ba. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai. A duk makarantar da na sani, mai maki uku yana gaban mai maki biyu, to da me mutumin nan yake tinƙaho? Hakika ina son sanin gaskiyar lamarin (ina kuma son a san ta a gaban shaidu, wannan ma ba zan ɓoye ba).

Na sa aka kawo ta Alhaji zaurena, na shimfiɗa dokoki irin na dā. A jarrabawar ƙwarai ɗalibi ba ya rubuta suna, lamba yake rubutawa, don kada mai dubawa ya yi son kai. Saboda haka Malam Isiyaku, tsohon rajistaran kotu kuma magatakardan ƙungiyarmu, ya fitar da mu waje, ya tura akwatunan biyu ƙarƙashin tebur, ya lulluɓe su da zanen da muka aro wurin Hajiya matata, ya haɗa wayoyinsu da allunan kallo yadda ya ga dama. Allo guda Lamba Ɗaya, ɗayan Lamba Biyu. Ƙarar janareta ta haɗiye kukan injinan, babu mai iya gane muryar tasa.

Tambayar ɗaya ce ga kowa: a buɗe tarin hotunan taronmu, a sa muryar jawabin shugaban ƙungiya da aka naɗa, a kuma buɗe takardar sanarwa, duk a lokaci guda. Na kaɗa ƙararrawar hannu, na ce, "Ku fara!"

Kafin in mayar da tabarau kan hanci, Lamba Ɗaya ta jera hotuna, shugaba yana ta zuba jawabi. Lamba Biyu kuwa ta tsaya tana kallonmu. Da ƙyar muryar shugaba ta fito tana sarƙewa kamar mai shaƙuwa. Raina ya yi fari tas, don na tabbata Lamba Biyu ta Alhaji ce. Na miƙe, na gyara babbar riga, na dubi Alhaji Lawal, wanda ya sunkuyar da kai (ashe shi ma ya ɗauka tasa ce ta faɗi, tunda na shafe mako ina karanta masa lambobi).

"Lamba Biyu," na ce, "ɗalibi ne mai nauyin kai. Tarin shekaru ne da shi, ba tarin fahimta ba. Laifin kuwa ba nasa kaɗai ba ne, har da na mai riƙonsa, wanda son kai ya rufe wa ido."

"Hedimasta, ya isa hakanan," in ji Alhaji Lawal. "Ka bar mani sauran mutunci in koma gida da shi."

"Ban kammala ba, Alhaji."

Malam Isiyaku ya yi tari, ya ja hannun rigata. "Ranka ya daɗe, a taƙaita."

Ban taƙaita ba. Na ba da shawarar a sallami wannan ɗalibi yau ɗin nan, a mayar da akwatinsa kujerar alwala, ko ya yi wa Musulmi amfani sau ɗaya a rayuwarsa. Daga nan na sunkuya da kaina, cikin ƙasaita, na yaye zanen.

Wayar Lamba Biyu ta miƙe sak ta shige akwatin da ke ɗauke da sunana, da rubutun hannuna.

Can Alhaji Lawal ya ɗago kai sannu a hankali, ya kara hannu a kunne.

"Hedimasta, mi ka ce kan mai riƙon yaron nan? Maimaita mani wurin, kunnen tsufa gare ni."

Dattawa masu jikoki suka riƙa dukan tabarma don dariya. Kafin su lafa, muryar Hajiya ta fito daga bayan ƙyaure: "Maigida, in an gama da zanen a miƙo mani. A haɗo da kujerar alwalar."

Kunya ba ta kashe mini son sani ba. Na ari ɗan littafin da ya zo da kwamfutar Alhaji, na bi shi layi-layi. Ashe ƙwaƙwalwar tasa ƙanwar tawa ce a haihuwa, kuma kai biyu gare ta. Tawa akawu guda ne mai saurin hannu, wanda in aka jibge masa fayil uku sai ya rasa wanda zai fara ɗauka. Tasa akawu biyu ne masu natsuwa, kowa da teburinsa. Lambar da na dogara da ita saurin hannu take aunawa, ba yawan aikin da aka gama ba.

Har gobe ina kan bakana cewa a ɓoye sunan ɗalibi. Abin da na ƙaru da shi kawai, mai duba takarda ya riƙa sassauta jan biro, domin bai san ɗan wa ke bayan lambar ba.

Yanzu a Ƙofar Guga ake zama, ni ke hawa Keke in je. Da Malam Isiyaku ya tambaye ni ranar da zai rubuta cewa majalisa ta tashi daga zaurena, na ce ya rubuta Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah. Na kuma ce ya ƙara a ƙasa cewa mai gidan ne ya yanke hukuncin da bakinsa, kuma bai ɗaukaka ƙara ba.